Ɗorawar da Na Sare Saboda Sola

Duk Kirsimeti in kun taru a gidan nan, sai ɗayanku ya ja yaransa zuwa bayan gida, ya nuna musu kututturen nan, ya ce a nan ne Baba ya sare ɗorawa domin a ceci ran Mama. Ni kuma ina kan kujerata ina gyaɗa kai kamar wani jarumi, uwarku Saratu tana sunkuyar da nata tana tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Na gaji da wannan labari, domin ba haka aka yi ba. Ladi, Yohanna, Hanatu, ku karanta wannan babi a natse. Ban rubuta shi don ku tausaya mini ba, na rubuta ne tun hannuna yana iya riƙe biro.

Kun tuna mun daɗe muna haya a Majidaɗi cikin Jalingo, a gidan nan da janareton maƙwabci ke raira mana waƙa ba mu roƙe shi ba. Da kuka watse, wannan ta yi aure, wancan ya tafi aiki, sai na ga ba abin da ya riƙe ni a cikin gari. Na kwashe uwarku muka koma gonar mahaifina a hanyar Iware, inda kakarku take zaune ita kaɗai tun rasuwarsa. A lokacin falwaya ta ƙarshe tana can nesa da mu, har yau ma ba ta matso ba. Amma wurin yana da abin da gari ba shi da shi. Da safe duwatsu sukan fito daga cikin hazon raɓa shuɗaye, ɗaya bayan ɗaya, kana tsaye da buta a hannu har ka manta abin da ka fito yi. A kudu da gidan kuma ga ɗorawar. Kaka ta same ta ne tana 'yar tsiro shekarar da aka kawo ta amarya, ta kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ta riƙa ba ta ruwan wanke-wanke har ta fi ƙarfin kowa. A gindinta aka binne cibiyata da ta 'yan'uwana. Ku da aka haifa a asibitin gari ma ba ku tsira ba, domin duk wanda cibiyarsa ta faɗi, Kaka takan zo ta ƙulle ta a bakin zane ta kai ta can. In bazara ta yi, jajayen furanninta su rataya kamar ƙwallaye, ƙudan zuma su yi ta guna a cikinta tun hantsi, da magariba jemagu su karɓi aiki. In ka kwanta a inuwarta ba ka sanin inda tunani ya tsaya barci ya soma. Daga kalwarta Kaka take daddawar da kuke faɗa a kanta in kun zo hutu.

Shekarar da muka koma ce ciwon sugan uwarku ya kai ga allura. Likita ya ce maganin ba ya son zafi, sai a cikin sanyi. Wannan ba sai an yi mini bayani ba, ni da na ƙare rayuwata ina malamin dabbobi, ina yawo da allurar shanu a cikin akwatin ƙanƙara daga wannan ruga zuwa waccan. Na yi watanni ina sayo ƙanƙara daga gari kullum, kafin in iso rabinta ya zama ruwa a bayan babur. Daga nan na yanke shawarar sa sola. Wanda ya yi mana aikin wani Bafulatani ne daga tsohuwar unguwarmu, Malam Hamidu, mutum mai sanyin magana wanda yakan dubi abu sau uku kafin ya taɓa shi. Ya hau rufinmu ya sauko ya ce kwanon ya tsufa, ba zai ɗauki nauyi ba. Sai ya kafa ƙarafa a bayan gida, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum, ya jera farantai huɗu a kai, baƙaƙe masu sheƙi, a ɗan karkace. Ya ja waya zuwa ɗaki, ya haɗa batir da inbata da ƙaramin firji da ƙwayayen fitila uku.

Ba na manta magaribar farko. Rana ta faɗa bayan duwatsu, kaji sun hau, muna zaune a tsakar gida mu uku, na miƙa hannu na danna. Haske ya sauko a kanmu fari tas, ba ƙara, ba hayaƙi, ba warin kananzir. Ana jin kwaɗi daga fadama, ana jin iska a cikin ɗorawa, ga kuma wuta. Saratu ta buɗe firjin ta sa hannu ta bar shi a ciki, tana murmushi ita kaɗai. Kaka ta ɗaga tafin hannunta ga fitilar tana juya shi, kamar yau ta fara ganinsa. Ni kuwa sai na ji ranar da ta wuni tana gasa mu ce ta dawo da daddare ta ba mu haƙuri. Farin ciki na yi irin na yaro, ban ɓoye ba.

Kun san ubanku da baki. Ba wanda ban yi wa lacca a kan solar nan ba. Dattawan coci sun sha bayani bayan sujada har suka fara tuna suna da uzuri. Makiyaya a kasuwar shanu ta Iware na zana musu a ƙasa da tsinke yadda farantin ke cin rana ya tara ta a batir. Har mai facin taya na koya wa. Mutum ɗaya ne ban zauna na yi wa bayani ba, ita ce kuma mutum ɗaya da ke wuni da abin. Da sassafe nakan ɗauki uwarku a babur in sauke ta a rumfarta ta kayan miya a kasuwa in wuce aiki, ba mu dawowa sai la'asar sakaliya. Kaka ce a gida. Na ɗauka tsohuwa ce, Hausarta ma guntu-guntu ce, me za ta gane a zancen lantarki? Abin da na faɗa mata da yarenmu, ina tsaye ina ɗaure hular kwano, shi ne kawai:

“Mama, abin nan mai tsada ne. Kada a bar komai ya lalata shi.”

Ta ce ta ji.

Ƙarshen damina komai ya tafi daidai. Da ruwa ya ɗauke, lokacin kaka ya shigo, kuɓewa da barkono suka cika gonaki, sai wutar ta fara gajiya. Muna gama tuwo inbata ya soma kuka, ƙit, ƙit, ƙit, fitilu su mutu. Da asuba in buɗe firji in ji shi ɗumi kamar cikin aljihu. Abin ya ɗaure mini kai, domin sama wasai take, ba ko gajimare, kuma duk yamma in na duba farantan sai in same su a goge suna ƙyalli. Akwai abin da na gani ban lura ba: duk daren Lahadi wutar takan kwana lafiya. Har na yi wa Saratu ba'a na ce solarmu ta shiga addini. Ban tsaya na tambayi kaina me ya bambanta Lahadi da sauran ranaku a gidan nan ba, alhali na san ranar ce kaɗai Kaka ba ta taɓa aikin komai.

Wata safiya uwarku ta kasa tashi. Bakinta ya bushe, idanunta sun yi zuru-zuru, tana magana kamar daga cikin rijiya. Na kai ta asibiti, aka ce sugan ya hau sosai, wataƙila zafi ya kashe maganin, allurar da take yi ba ta aiki. Kwana uku muka yi. Tsoro ya kama ni, ni kuma tun ina yaro in tsoro ya kama ni fushi yake komawa. Na kira Malam Hamidu na zazzaga masa abin da bai ci ba. Ya zo ranar Asabar da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Ya gwada batir ya ce lafiya, ya gwada wayoyi ya ce lafiya. Sai ya tsaya yana kallon ƙasa. Inuwar ɗorawa ta miƙo ta kwanta a gefen faranti biyu. Ya ce a wannan lokaci na shekara rana takan karkata kudu, wataƙila inuwar ce take yi mana ɓarna, amma bai tabbata ba, domin inuwar safe ba ta isa ta kashe wuta haka ba. Ya ce ko dai a tumɓuke ƙarafan a matsar da su, ko a ba shi mako guda ya gama wani aiki a garin Mutum Biyu ya dawo. Ban ji rabin maganarsa ba. Na ji kalmar inuwa, na samu wanda zan kama.

“Baba Bitrus, useko, don Allah, ka bari in dawo da tsakar rana in gani da idona,” in ji shi. “In na yi kuskure a waya zan gyara. Itacen nan in ya faɗi ba ni da yadda zan mayar da shi.”

Na ce masa matata ba za ta jira mako guda ba. Ina so ku riƙe wannan, domin na ji Yohanna ya taɓa cewa mai sola ne ya ce a sare. Bai ce ba.

Na sami Kaka a gindin ɗorawar da yamma tana gyaran wake a faifai. Na tsuguna na yi ta zagaye-zagaye, na kawo zancen rana, na kawo zancen kudu, abubuwan da ya kamata in faɗa mata tun watanni, amma a hargitse, ba kai ba gindi. Ta bar ni na gama. Ta daɗe tana kallon sama ta cikin ganyen, haske yana yawo a fuskarta.

“Don uwar Ladi ne?”

Na ce e.

“A sare. Amma ku bar mini kututturen, kada a tona. Mutanena suna ƙasa.”

Masu inji suka zo ranar Litinin. Ban je aiki ba. Itacen da ya yi shekara fiye da tawa bai kai azahar ba. Da ta tafi, ta tafi a hankali, kamar mai neman wurin kwanciya, sannan ƙasa ta girgiza har kwanuka suka amsa a madafa. Sai wani irin fili ya buɗe a kudu, sama mai yawa da ban taɓa gani a wurin ba, da wani dutse can nesa da ban san yana nan ba. Tsuntsaye suka yi ta kewaya wurin da rassan suke a da, suna neman sauka a kan iska. Uwarku tana ɗaki ba ta fito ba, ina jin kukanta ta taga. Kaka ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙofar ɗakinta ta juya baya har aka gama, ranar ko shanya ba ta yi ba. Daren nan wuta ta kwana, na ce wa Saratu ga shi nan, na faɗa.

Washegari inbata ya yi kuka tun ba mu wanke hannu ba. Haka jibi, haka gata. Na koma sayo ƙanƙara ina ɓoye fuskata. Ban kira Malam Hamidu ba, kunya ta hana ni.

Ranar Juma'a na tafi yi wa wasu shanu allura, na tarar masu su sun tashi da garken tun jiya. Sai na juyo gida da tsakar rana, abin da ban taɓa yi ba tun da muka koma. Na kashe babur a bakin hanya saboda yashi, na turo shi. Uwarku ta koma rumfarta a kasuwa, gidan tsit, rana ta tsaya a ka, iska tana rawa a kan ƙasa saboda zafi. Da na zagayo baya sai na tsaya. Na ɗauka mafarki nake. Farantan nan huɗu ba a ganin ko ɗaya. An lulluɓe su da zannuwa, har da shuɗin nan na saƙi da Kaka ta zo da shi gidan miji, an danne kusurwoyi da duwatsu. A kai an baza yankakkiyar kuɓewa, kore da fari, layi-layi, gefe guda jan barkono, gefe guda yakuwa. Wallahi abin ya yi kyau, kyan da har yau in na rufe ido ina ganinsa. Kaka tana zaune a kan kututturen, cikin rana, ta kifa faifai a ka. Da ta gan ni ta taso da fara'a, irin ta wanda aka kama yana aikin kirki.

“Taɓa ka ji,” ta ce. “Tun da aka sare itacen rana ta yi masa yawa, kamar kasko yake. Shi ya sa na ƙara zane na biyu.”

Na tambaye ta tun yaushe take rufe shi.

“Tun da ruwa ya ɗauke. Kai ka ce kada a bar komai ya lalata shi. Wa ke barin abu mai tsada a rana? Ga shi kuma ya fi dutsen garinmu busar da kuɓewa, awaki ba sa kaiwa. Kafin ku dawo nake kwashewa in goge shi tas.”

A kan duwatsu aka haife ta, inda mata ke shanya a kan fa, shimfiɗaɗɗen dutse mai zafi, kuma duk abin da take ƙauna a duniya, daga jariri har tukunyar mai, inuwa take kai shi. Ta yi wa solata abin da take yi wa duk abin da aka ba ta amana. Fushi ya taso mini, ya duba bai ga wanda zai faɗa wa ba sai ni. Na dubi kututturen, ɗanye, yana ta zubar da ruwa a gefe. Na ɗauki kuɓewa ɗaya na sa a baki don kada in yi magana. Na ga in na gaya mata gaskiya, na gaya mata ke nan cewa hannunta ne ya kusa kashe surukarta, kuma itacenta ya tafi a banza. Sai na yi mata ƙarya. Na ce mai sola ya aiko da saƙo, ya shafa wa gilashin wani magani da ke kare shi daga rana, amma zane yana goge maganin, don haka daga yau a bar shi a buɗe. Ta ce to. Muka kwashe shanyar tare, ta naɗe zannuwanta. Da yamma na sari rassan ɗorawar da ke zube na kafa mata rumfar shanya, ita ce wadda kuka sani a gefen rumbu.

Daga ranar wuta ba ta sake mutuwa ba. Malam Hamidu kaɗai na gaya wa, ya ce Allah Ya kyauta, bai taɓa tuna mini abin da ya faɗa ba. Kowa kuma ya ɗauka batir ne ya ɗauki kwanaki kafin ya farfaɗo bayan an kawar da inuwa. Na bar su a haka. Na ce wa kaina ina rufa wa uwata asiri ne. Amma na ga yadda Saratu ta daina bi ta bayan gida, na ga yadda take kai wa Kaka abinci da hannu biyu ba ta iya haɗa ido da ita, na ga ta daina sa daddawa a miya. Na gani, na yi shiru.

Da damina ta dawo, wata safiya bayan ruwan dare, Kaka ta kira ni ta ce in biyo ta. Ƙasa tana ƙamshi, ƙwari masu fiffike suna tashi daga ramuka, duwatsu sun matso kusa kamar an wanke su. Ta kai ni can ƙarshen fili ta arewa, nesa da farantan. Ga wani ɗan kewayen ƙaya, a tsakiya 'yar tsiro mai ganye tsilli-tsilli. Ashe ta ajiye ɗanyar kalwa. Ta ce ta kafa sanda a wurin ta yi kwanaki tana bin inuwarta daga safe zuwa yamma kafin ta shuka.

“Nan ko ta yi girma ba za ta kai wa abinka ba. Ya ci ranarsa ya ƙoshi.”

Na ce wa ya gaya mata rana yake ci.

“Ranar da ka cire zanena, wuta ta kwana. Na tsufa, Bitrus, ban makance ba.” Ta gyara wata ƙaya da ƙafa. “Ka gaya wa matarka. Tana yawo da itacena a ka, ba ita ta sare ba.”

Na ce zan gaya mata. Kaka ta yi damina biyu bayan wannan ta rasu, a ɗakinta, fanka tana juyawa a kanta. Ban gaya wa Saratu ba. Yanzu kam ba uwata nake karewa ba, domin ta riga ta sani. Kaina nake karewa. In na faɗa, labarin jarumin nan ya ƙare, sai na mutumin da aka ce ya jira mako guda ya ƙi, wanda ya koya wa duk Jalingo yadda sola ke aiki ya tsallake uwarsa. Shekara nawa ke nan ina barin matata tana sunkuyar da kai duk Kirsimeti don in ci gaba da gyaɗa nawa.

Jiya da la'asar na karanta mata waɗannan shafuka kafin ku gani. Tana yanka kuɓewa, ba ta daina ba har na kai ƙarshe. Na jira faɗa, na ma fi son ta yi faɗan. Ta ajiye wuƙar, sannan ta ce in da na faɗa da wuri, da ta samu ta zauna da Kaka ko sau ɗaya ba tare da nauyi a ƙirji ba. Wannan kawai ta ce. Can ta tashi ta ɗebi ruwa a bokiti ta bi ta bayan gida, ta wuce kututturen, ta wuce farantan, ta nufi arewa. Na bi ta da ido har ta tsuguna.

Ɗorawar Kaka ta biyu yanzu ta wuce tsayina, bana ta yi furen farko, guda uku. Hanatu, an ce watanki ya kusa. In cibiyar ta faɗi, ki ƙulle ta a bakin zane ki kawo. Uwarku ta ce ita za ta binne.